Ku Tambaya: Ana kira na intabiyu a Abuja, in gaya wa Ciyaman ko in yi shiru?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni koci ne a wata makarantar koyon ƙwallo a nan Jos, shekara biyar ke nan ina riƙe da yara 'yan ƙasa da 17. Wata akadami a Abuja ta kira ni intabiyu, albashinsu ya kusa ninka nawa, har da ɗaki. Damuwata Alhajin da ke da kulob ɗinmu shi ya biya min kuɗin kwas a NIS, cibiyar koyar da harkar wasanni ta ƙasa da ke Legas, shi ya tsaya min a bikina, amma fa ina bin sa alawus na wata huɗu. Kunya ta hana ni tunkarar sa, abokai kuma sun ce in ja bakina sai na tattara kayana. Ya zan yi?
Koci, Unguwar Rogo

AMSA: Wa alaikumus salam Koci. Abokan nan naka anya sun san Jos kuwa? Harkar ƙwallo a garin nan ai gida ɗaya ce, wani ya hango ka a tasha da asuba ka sha guga ka rungumi fayil, wallahi kafin la'asar zancen ya isa filin Rwang Pam, kuma su kansu mutanen Abujan za su buga waya su tambayi halinka, wa kake zaton za su kira in ba Alhajin ko abokinsa ba?

Ka tuna koci Lopetegui. A watan Yunin 2018 yana riƙe da tawagar ƙasar Sifen, suna can Rasha ana shirin gasar kofin duniya, kawai sai Real Madrid ta sanar ta ɗauke shi. Shugaban hukumar ƙwallon Sifen na lokacin, Rubiales, ya ce saura minti biyar a yi sanarwar aka gaya masa. Washegari ya kore shi, saura kwana biyu su buga da Fotugal, aka miƙa tawagar ga Hierro, daraktan wasanni na hukumar. Ba tafiyar ce ta ƙona wa mutumin rai ba, ji a makare ne.

Su can tsari ne da su, lokacin da Chelsea ta so Graham Potter, kocin Brighton na lokacin, a 2022 sai da ta nemi izinin Brighton, ta biya diyya. Mu nan galibi ko takardar kwantiragi babu, "zo ka riƙe min yaran nan" ne kawai, to abin da ke tsakaninka da Alhaji mutunci ne, kuma shi za ka lallaɓa.

Ni a ganina ka gaya masa tun kafin ka hau mota. Amma ka bambance abu biyu, sanarwa daban, ajiye aiki daban. Kar ka kuskura ka ce ka bari sai takardar Abuja ta shigo hannunka da albashi a rubuce, kar a yi sakin na hannu kamun na guje. Kuma don Allah ban da ƙaryar za ka dubiyar kawu a Gwagwalada, ita ce aka fi saurin kamawa.

Ban da WhatsApp, ban da bakin fili ranar da aka ci ku yana huci. Ka same shi gida bayan isha'i, ka cire takalmi ka zauna ƙasa yadda ka saba, ka ce ranka ya daɗe shawara na zo nema, an kira ni Abuja, na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba bayan kai ka kai ni inda har ake nema na. Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko faɗa ya yi ka shanye. Maganar wata huɗunka kar ka haɗa ta da wannan zaman, zai ga kamar barazana ka zo yi, haƙƙinka ne ka nema amma a wata ranar. In ya ce zai ƙara maka ka zauna, ka yi godiya ka ce a rubuta, tunda na baya ma da baki aka yi alkawarin.

In aikin ya tabbata ka ba shi ko wata guda, in da hali ka ƙarasa gasar da kuke ciki, ka nuna masa mataimakin da zai iya riƙe tirenin, ka damƙa ƙwallaye da jesi da takardun yara a ƙirge.

Sai abin da ya fi raba kociyoyi da iyayen gidansu, wato jan yara. Akwai wannan ɗan wasan gaban naka da kake ji da shi, kuma mutanen Abuja ba mamaki su ce ka taho musu da biyu ko uku. Kar ka kira yaro gefe, kar ka bi ta bayan gida wurin ubansa. In suna son sa ka ba su lambar Alhaji su yi magana kulob da kulob, shi ya shekara yana sayen masa but yana biyan kuɗin mota.