Yawan ruwa ke kashe pis lili, ba ƙishi ba

Wata baiwar Allah daga Kaduna ta rubuto cewa pis lilin (shukar ado ta cikin ɗaki mai farin fure) da ta saya wurin masu fulawa na bakin titi ya langaɓe, ganyensa na ƙasa sun yi rawaya, alhali safe da yamma tana ba shi ruwa.

Hajiya, ai nan gizo ke saƙar. Na gaji da amsa wannan tambaya! Asalin shukar nan dazuzzukan Kolombiya ne, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ƙasa ke da laima amma ruwa ba ya kwanciya. Saiwarta na son iska. In kin jiƙa ta kullum sai saiwar ta ruɓe, ta kasa jan ruwan, ganye ya langaɓe kamar mai ƙishi, ke kuma ki ƙara tuttula masa. Zazzage tukunyar ki duba: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, laushi tuɓus, ga wari. Yanke ruɓaɓɓun, ki sake ƙasa: ta lambu, da takin da ya ruɓe sarai, da ɗan buntun shinkafa don ta yi sako-sako. Tukunyar ado marar huda a gindi, ko ki huda ta ko ki haƙura da ita. Daga yau sai kin cusa yatsa a ƙasar kin ji ta bushe zurfin gaɓa ɗaya, sannan ki zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Wani malami daga Zariya yana neman maganin bakin ganye da ke ƙonewa da hunturu. Malam, ba cuta ba ce, busasshiyar iska ce, wani lokacin kuma gishirin ruwan burtsatse ko yawan takin zamani. Janye tukunyar daga taga, ka riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Wata kuma ta ga fararen ƙwari kamar auduga a gindin ganye, har ta sayo maganin feshin gona mai tsada. A falon da yara ke kwana? Haba! Ruwan sabulu kaɗan ko man darbejiya, a goge su duk mako har su ƙare.

Mai cewa nasa ya daina fure: wurin da yake ya cika duhu. Kai shi inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa.

Ga uwar da ɗanta ya tauna ganyen ya kama kuka: pis lili ɗan gidan su gwaza ne, abin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro shi ne a jikinsa. Ki kurkure masa baki, ki ba shi ruwan sanyi. In leɓe ko harshe ya kumbura, sai asibiti maza. Tukunyar kuma ta hau sama, inda hannunsa da kyanwa ba sa kaiwa.