Neman gidan da kaka ya zauna a wata ƙasa

Ka ce kana son zuwa ƙasar da kakanka ya taɓa zama ka gano gidansa, amma sunan garin kawai ka sani. Kada ka sayi tikiti tukuna. Fara zama da tsofaffin danginku, ka tambayi unguwa, maƙwabta, da laƙabin da ake kiransa can, don shi mutane suka fi riƙewa, ba sunan yanka ba. Duba tsofaffin wasiƙu da bayan hotuna.

Sunaye ma suna canzawa: Fort-Lamy ta koma N'Djamena a 1973, balle sunan titi. Rubuta wa ma'ajiyar tarihin ƙasar kafin ka tashi. In ka dace da gidan, nemi izinin masu zama ciki kafin ɗaukar hoto. Maganar gado kuwa, sai lauyan can.