Amsar Tambayarka a Kan Aguwar Kurmi da Ganyenta Ya Langaɓe

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce a lambun da aka damƙa maka a kudancin Ingila akwai gindi shida na shukar nan da Turawa ke kira wood spurge, biyar a ƙasa ƙarƙashin itatuwa, ɗaya kuma a tukunya bakin ƙofa. Ka ce tun shigowar watan Fabrairu ganyensu ya langaɓe, kana ba su ruwa kullum safiya, amma na tukunyar sai ƙara lalacewa yake yi, har ganyensa na ƙasa ya fara komawa rawaya. Ka tambaye ni ko ka ƙara ruwa ko ka zuba taki. Amsata ita ce ka ajiye butar ban ruwa tukuna, taki kuma kada ka kusance shi, har sai ka gama binciken da zan zayyana maka.

Sunanta a wurin masana tsirrai Euphorbia amygdaloides, kuma dangi ɗaya take da aguwar da muke shinge da ita a gida, da tinya, da nonon kurciya. Shi ya sa ni nake ce mata aguwar kurmi. Sai dai kada dangantakar ta ruɗe ka, domin ita 'yar inuwa ce, asalinta dazuzzukan Turai har zuwa Turkiyya, inda take fitowa a ƙasa mai laushi wadda ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe, mai riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Ba ta zubar da ganye da hunturu, kuma kowane kara nata shekara biyu yake yi: a shekarar farko ya tara ganye a kansa, a ta biyu ya yi fure wajen Afrilu zuwa Yuni, daga nan ya mutu, sababbi su maye gurbinsa daga gindi.

Game da guda biyar ɗin nan na ƙasa, zatona shi ne babu abin da ya same su. Ka fita ka dube su da sassafe bayan daren da raɓa ta daskare, sannan ka koma da azahar in rana ta ɗan leƙo. Idan da safe ka tarar da ganyen ya rataya a jikin kara kamar kunnuwan tunkiya Balami, da azahar kuma ya miƙe, to aikin sanyi ne kawai. Abin da ke faruwa shi ne, ruwan da ke cike da ganyen, wanda shi ne ke tsayar da shi, yakan janye daga cikin ƙwayoyinsa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ita kuma saiwa ba ta iya zuƙo wani daga ƙasar da ta daskare. Da zarar ɗumi ya dawo sai komai ya koma yadda yake. Akwai kuma wani sunkuyon da ke tsorata sababbin masu lambu: a ƙarshen hunturu, kan karan da zai yi fure yakan lanƙwashe kamar ƙugiya, alhali ganyen yana nan da ƙarfinsa, kuma bayan 'yan makonni ya ɗago da fure mai launin kore da rawaya. Wanda ya yanke irin wannan kai da sunan magani ya yanke furen shekararsa da hannunsa. Waɗannan biyar ɗin ka daina ba su ruwa gaba ɗaya, domin ruwan saman Ingila a Fabrairu ya ishe su har ya yi yawa.

Na tukunyar shi ne ya dame ni, kuma a nan nake so ka natsu. Ganyen da ƙishirwa ta kama da ganyen da ruwa ya shaƙe kamanninsu ɗaya ne a ido, dukansu yaushi suke yi, dalilin da ya sa hannun almajiri ke saurin kai wa ga buta ke nan. Saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi, tana shaƙar iskar da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan gurabe kwana da kwanaki, sai ƙananan jijiyoyin da ke zuƙar ruwa su mutu, ƙwayoyin cutar ruɓewa su samu ƙofa, shukar kuma ta rasa abin da za ta sha da shi alhali tana tsaye cikin ruwa. Kai kuma ka ga ta yi yaushi ka ƙara mata. Na san wannan da kyau, domin a shekarata ta farko a wannan sana'a na kashe jere guda na irin wannan shuka a ƙasa mai yumɓu, ina ganin kirki nake yi musu, sai da wanda ya koya mini aiki ya tumɓuke ɗaya ya kai mini ita hanci.

Saboda haka ka cusa yatsanka cikin ƙasar tukunyar har gaɓa ta biyu, ka kuma ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko hujinta ya toshe ko tana zaune cikin faranti mai ruwa. Daga nan ka kifa ta a tafin hannunka, ka zaro shukar da ƙasarta gaba ɗaya. Saiwa mai lafiya fara ce ko mai ɗan duhu kaɗan, tana da ƙarfi, ƙanshinta na ƙasa ne. Wadda ta ruɓe kuwa baƙa-baƙa ce, tana wari mai tsami, kuma idan ka ja ta tsakanin yatsu biyu ɓawonta zai saɓule ya bar maka wani siririn zare. Ka matsa gindin karan daidai inda ya haɗu da ƙasa. In ya yi taushi ya yi baƙi, magana ta ƙare, ka jefar da shukar da ƙasarta, kada ka zuba su a ramin taki, ka wanke tukunyar sosai kafin wani abu ya sake shiga cikinta. In kuwa gindin yana da tauri kuma akwai sauran farar saiwa, ka datse duk ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ka kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ka sake dasa ta cikin sabuwar ƙasa wadda ka gauraya da ƙananan tsakuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ka binne gindin fiye da yadda yake a da. Ka ɗora tukunyar a kan bulo biyu don ruwa ya samu mafita, ka ajiye ta jikin bango inda ruwan sama ba ya dukanta kai tsaye, kuma kada ka sake ba ta ruwa sai yatsanka ya fito a bushe. Taki ba ya tayar da saiwar da ta ji rauni, ƙona ta yake yi, don haka sai ka ga sabon toho kafin ka yi wannan tunani.

Tun da ka riga ka zaro ta, ka warwatsa ƙasar a kan takarda ka duba da kyau. Idan saiwar ba ta ruɓe ba amma ta ragu kamar an aske ta, ka nemi wasu fararen tsutsotsi masu jan kai, lanƙwasassu kamar jinjirin wata, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, kamar 'ya'yan gwazarma. 'Ya'yan wani baƙin ƙwaro ne da ke addabar shuke-shuken tukwane a Ingila, suna cin saiwa tun daga kaka har ƙarshen hunturu. Ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, ka canza ƙasar duka.

Ƙishirwa ta gaskiya ma tana kama ta, amma lokacinta daban ne: a Yuni zuwa Agusta, musamman sabon dashe da bai cika shekara ba, ko wanda aka sa a rana tsaka. Alamarta ita ce ƙasa ta bushe har ƙasa, ganye ya yi yaushi da rana, kuma idan ka shayar da ita sosai da yamma kafin gari ya waye ta farfaɗo. Maganinta ban ruwa mai zurfi sau ɗaya a mako, da shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye kewaye da gindin ba tare da ya taɓa kara ba. Ka kuma bincika ko wace iri ce a hannunka. Mai sheƙin ganye kore shar, wadda ake kira robbiae da sunan Mary Anne Robb da ta ɗauko ta daga kusa da Istanbul a 1891, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa kuma tana jure busasshiyar inuwa fiye da saura. Mai jan ganye, wato Purpurea, ta fi rauni, kuma cutar nan mai kama da farar hoda takan kama ganyenta idan ta sha fari. Ni dai ba na sa ta inda iska ba ta ratsawa. Darɓa ma takan taru a kan sabon toho ta nannaɗe shi, amma wannan ido zai nuna maka, kuma feshin ruwa mai ƙarfi yakan wadatar.

Idan Allah ya kai mu Yuli, za ka ga karan da suka gama fure sun kwanta, ganyensu na ƙasa yana zubewa. Wannan tsufa ne, ka yanke su daga gindi ka bar sababbin.

Duk wannan aiki kada ka yi shi da hannu tsirara. Farin ruwan da ke fita daga karanta kamar nono yana ƙona fata, kuma idan ya shiga ido yana iya yin mummunan lahani. Kai da ka taso kana ganin aguwa ba sai na tsawaita ba. Ka sa safar hannu da riga mai dogon hannu da tabarau, ka wanke almakashin da sabulu bayan ka gama. In tsautsayi ya sa ya faɗa maka a ido, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ka ga abin da gobe za ta yi.

Ka zaro ta tukunyar gobe da safe, ka aiko mini da hoton saiwar da na gindin karan kafin ka datse komai.