Amsa ga mai tambaya kan Elizabeth Bennet da Jane Eyre: in a ɗakin miji suka ƙare, ina 'yancin?

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin ce a makaranta an cika muku kunne da cewa Elizabeth Bennet da Jane Eyre mata ne masu cin gashin kansu, ke kuwa kin karance littattafan biyu, Pride and Prejudice da Jane Eyre, kin ga kowacce aure ta yi a ƙarshe, to ina ƙarfin, ina 'yancin? Na daɗe ina koyar da adabin Ingilishi a sakandaren 'yan mata, kuma da wuya shekara ta wuce ban sha wannan tambayar ba. Abin da nake gaya musu shi zan gaya miki: kafin ki yanke wa matan nan hukunci, ɗauki biro ki rubuta nawa kowacce ta mallaka, kuma a doka wane ne mai shi. Marubutan ba su ɓoye ba, lissafin na nan cikin littafin, mu ne muke tsallake shi don ɗokin mu kai wurin soyayya.

A Ingila ta zamanin da aka rubuta littattafan nan, ranar da aka ɗaura wa mace aure kuɗinta ya zama na miji, har wanda za ta samu da guminta nan gaba, sai dai in iyayenta masu hali ne suka sa lauya ya killace mata wani abu tun kafin biki. 'Ya'ya na uba ne. Kafin 1857, saki irin wanda mutum zai iya sake aure sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kansa. Sai a 1870 matar aure ta fara mallakar abin da ta samu da sana'arta, sai a 1882 ta mallaki dukiyarta gaba ɗaya. Duk sanda na kawo nan sai wata ta ɗaga hannu: "Malama, har sadakinta?" In ce musu ai can ango ba ya ba da sadaki, uban amarya ne ke haɗa ta da dukiya, ta zarce aljihun miji. Yarinyar da ta tashi tana ganin awakin uwarta da kuɗin adashinta babu mai taɓawa sai ta riƙe baki.

Yanzu buɗe Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Mista Bennet na samun fam 2,000 a shekara, amma gidan Longbourn da gonakinsa akwai sharaɗi a kansu, namiji kaɗai ke gado, shi kuwa 'ya'yansa biyar duk mata. Ranar da ya kwanta dama, wani ɗan uwansa fasto, Mista Collins, shi zai karɓi makulli. Rabon Elizabeth fam 1,000 ne, ribarsa fam 40 a shekara, shi ma sai bayan ran uwarta. Collins da bakinsa ya lissafa mata wannan a tsakiyar neman aurenta, wai don ta san shi bai damu da kuɗi ba. Ta ce a'a. Ya ɗauka jan aji ne irin na 'yan mata, ta sake cewa a'a, ta sake, har ta tashi ta bar masa ɗakin. Rufin asirin uwarta da 'yan uwanta huɗu ke nan ta sa ƙafa ta shure. Bayan 'yan watanni Darcy, mai fam 10,000 a shekara, ya zo da tasa buƙatar yana haɗawa da gorin danginta, shi ma ta wanke shi tas. Mace mai fam 40 ta kori mai fam 10,000, kuma ba ta da masaniyar zai dawo. Mu masu karatu ne muka san zai dawo.

Ni fa a littafin nan ba na yarda a zagi Charlotte Lucas a ajina. Shekararta 27, ba kyau ba dukiya, Collins bai cika kwana uku da shan kaye ba ta karɓe shi ido buɗe. Ki duba yadda ta tsara zamanta: ta zaɓi ɗakin baya ya zama wurin zamanta don kada ya riƙa faɗo mata, ta kuma yi ta zuga shi ya fita aikin lambu, wai yana ƙara lafiya. Wannan ma iko ne, na wadda aka ba ɗan fili ta san yadda za ta kewaye shi. Uwarsu Elizabeth kuma, da kowa ke wa dariya, ita kaɗai ce a gidan ke kwana da tunanin inda za su sa kansu. Austen ta san abin a jikinta. A 1802 ta amsa wa wani magajin gida da yamma, gari na wayewa ta janye, ba ta kuma yi aure ba har ta rasu a 1817. Littafin nan fam 110 ta sayar da shi, kuma babu sunanta a bangonsa.

Jane Eyre, na Charlotte Brontë, 1847. Marainiya ce, malamar yarinya a gidan Thornfield, albashinta fam 30 a shekara. Wurin da na fi tsayawa da ɗalibai shi ne ranar da Rochester, mai gidan, ya kai ta kantin yadi bayan ta amsa za ta aure shi. Ya ce sai an yanka mata kala shida masu ɗaukar ido, ta yi ta fama har ta rage su zuwa biyu, baƙi da ruwan toka. Kayan na ƙaruwa fuskarta na zafi don takaici. A ranar ta ƙudura rubuta wa baffanta da ke tsibirin Madeira, ko ta samu ɗan abin kanta, ta kuma ce za ta ci gaba da koyarwa ta riƙa tufatar da kanta daga albashinta. Wasiƙar nan ce ta tona cewa yana da mata a kulle a hawa na uku. Da ya ce su gudu Faransa su zauna ba aure, sai ta sulale da asuba da sule 20, ta bar masa sarƙar lu'ulu'un da ya ba ta. Direban keken doki ya karɓe kuɗin duka, ta manta ƙunshinta a ciki, ta kai har roƙon sauran kunun da za a zuba wa alade. Ba ta koma ba sai da ta gaji fam 20,000, ta raba huɗu da 'yan uwanta ta riƙe 5,000, shi kuma ya makance ya rasa hannu ɗaya. Za ki iya cewa marubuciyar ta yi son kai da ta jefo gado daga sama. Na yarda. Amma hakan na nuna miki ita kanta ba ta hango wata hanyar da malama mai fam 30 za ta zauna da mai gida kafaɗa da kafaɗa ba.

In gudun miji ƙiri-ƙiri kike nema, nemi The Tenant of Wildfell Hall na Anne, ƙanwar Charlotte Brontë, 1848. Helen ta auri mashayi, ya gano tana tara kuɗin gudu, ya ƙwace makullanta da gwala-gwalanta, ya ƙona mata kayan zane. Duk da haka ta tsere da ɗanta, ta sauya suna, ta ce ita bazawara ce da miji ya mutu, tana zane tana sayarwa a ɓoye. A dokar lokacin satar yaro ta yi. Ba ƙirƙira ba ce zalla: Caroline Norton mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku, fafutukarta ce ta haifar da dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba. Bayan rasuwar Anne a 1849, yayarta Charlotte ce ta hana a sake buga littafin.

Abu ɗaya kada ki bari malaminku ya tsallake. A Jane Eyre, matar da ke kulle a benen, Bertha Mason, daga Jamaika aka auro ta, kuma da fam 30,000 ta zo, ninki shida na abin da Jane ta riƙe. Kuɗin ya shige hannun Rochester, ita ta shige ɗaki shekara 10, kuma duk tsawon littafin ba a ba ta bakin faɗin nata ba, daga bakin mijin muke jin labarinta. Sai a 1966 Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta fitar da Wide Sargasso Sea ta ba ta bakin magana. In za ki yi rubutu a kan wannan batu, ki karanta shi tare da babi na 26 da na 27 na Jane Eyre. Gajere ne, ba zai ci miki mako ba.