Boksel ko raga wajen sassaƙa fuskar mutum a kwamfuta

Ƙanena, na ga tambayarka. Kana son ka sassaƙa fuskar kawunka a kwamfuta daga hotunan da ka ɗauke shi, na'urarka mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) giga 8 ce, kuma wani ya ce maka ka bar manhajar Blender ka nemi manhajar 3DCoat, wai boksel ya fi raga. Amsata ita ce duka biyun za ka yi aiki da su a kan fuska guda: boksel da fari, raga daga baya. Abin da zai raba ka da wahala shi ne sanin lokacin da za ka sauka daga wannan ka hau wancan. Kuma ba sai ka kashe ko dala ba kafin ka fara.

Raga fata ce zalla, cikinta fanko. Ɗige-ɗige ne da aka haɗa da layuka, suka ba da idanu masu kusurwa huɗu ko uku. In ka ja hanci daga cikin ƙwallo, idanun ragar wajen su miƙe su yi tsawo, har ka rasa inda za ka zana ƙofar hancin. Boksel kuwa sarari ne aka yayyanka shi ƙananan akwatuna masu girma ɗaya, kowanne yana riƙe da bayanin ko yana cikin jiki ko yana waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ginin tukwane a Mirya ya san yadda abin yake: a gutsuro yumɓu, a manna, a shafe, ya zama jiki ɗaya ba tare da alamar haɗi ba. Amma abin da kake gani a allo, ko a manhajar boksel, raga ce manhajar ke fitarwa daga akwatunan. Dabarar da ta yi suna a wannan fanni tun 1987 take, Lorensen da Cline na kamfanin General Electric suka fito da ita don a ga siffar ƙashi da gaɓoɓi daga hotunan asibiti.

Shi ya sa a farkon aiki ba ni da abokin da ya wuce boksel. Ka ɗauki ƙwallo don ƙoƙon kai, ka ƙara muƙamuƙi, ka dasa wuya, ka manna kunnuwa, ka sa a narkar da su wuri ɗaya. Ba ruwanka da yadda layuka suka kwanta. Kuma a wannan mataki ne kama take fitowa, ka riƙe wannan da kyau. Abin da zai sa gwaggonka ta kalli allo ta ce "wannan ai Malam ne" shi ne tudun goshi, zurfin ramin ido, faɗin ƙashin kunci, da yadda haɓa ta tsaya a ƙarƙashin baki. Na sha ganin yara masu hannu sosai sun zauna suna zana ramukan fata da gashin gira a kan ƙoƙon kan da bai yi daidai ba, abin ya yi kyau amma ba mutumin ba ne. Yana ba ni takaici, don wahalar ta tafi a banza.

3DCoat manhaja ce mai kyau, Andrew Shpagin da abokan aikinsa a Yukiren suka yi ta, kuma a wajen yanka da hudawa da haɗa jiki da jiki tana da daɗin hannu ƙwarai. Sai dai ta kuɗi ce, kuma abin da kake bukata yanzu yana cikin Blender kyauta. Tun fitowar Blender 2.81 a 2019 aka saka Voxel Remesh, wanda ke aiki da OpenVDB, tsarin da DreamWorks ta saki ga kowa a 2012. Kana sassaƙa a raga, in ta miƙe ka danna Ctrl da R, manhajar ta mai da ita boksel ta sake fito maka da sabuwar raga mai idanu daidai wa daida. ZBrush ma tun 2011 take da irinsa, DynaMesh. In a waya ko ƙaramin allo kake aiki, Nomad Sculpt na yin haka. Kada dai ka rikita waɗannan da MagicaVoxel, wadda ake gina abu da ita bulo-bulo irin na Minecraft. Wannan wata sana'a ce daban.

Wani abu da ke kayar da sababbi a Blender: girman boksel da take zuwa da shi mita 0.1 ne, wato santimita 10. In ka yi kai daidai girman na mutum, kusan santimita 23 daga tsakar ka zuwa haɓa, ka danna ba ka canza ba, dunƙule kawai za ka gani. Ni nakan fara da milimita 5, in sauko 2 in siffa ta zauna, in tsaya a wajen 1.

Dalilin tsayawar nan shi ne asalin amsar tambayarka. Boksel ba ya bambanta ƙeya da fatar ido. Girman akwatu ɗaya yake ba kowane waje. Ƙeya ba ta bukatar komai, amma kusurwar ido da layin da ke tsakanin leɓɓa suna bukatar ƙanana sosai, kuma ba yadda za ka ba su ba tare da ka ba dukan kan ba. Duk lokacin da ka raba girman boksel biyu, idanun ragar da ke fitowa su ninka sau huɗu. Daga milimita 1 zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita, inda ƙananan layukan fata ke fara fitowa, ninki ɗari ke nan. Kwamfuta mai giga 8, a zafin watan Afrilu na Damagaram, fanka na kuka, ba za ta kai ka can ba. Ga kuma ɗaya matsalar: duk abu biyu da suka kusanci juna fiye da girman boksel, mannewa suke yi. Leɓen sama ya haɗe da na ƙasa, fatar ido ta narke cikin ƙwayar ido, bayan kunne ya liƙe da kai, gefen kunne mai siriri ya huje. Don haka ƙwayar ido ka ajiye ta jiki daban tun farko, ƙwallo mai faɗin milimita 24, kada ka taɓa narkar da ita da fuska. Masu aiki da 3DCoat ɗin ma, in sun zo ƙananan bayanai, barin yanayin boksel suke yi su koma yanayin fata, wato raga, da ke cikin manhajar.

Da zarar kama ta fito, ka tsallaka. Kana bukatar raga mai tsabta wadda layukanta suka zagaye ido da baki. Ko ka zana ta da hannu a kan sassaƙen, ko ka bar QuadriFlow na Blender, mai zana raga da kansa, ya gwada, ko kuma, abin da na fi ba ka shawara, ka sauke kan da masu Blender suka raba kyauta cikin Human Base Meshes, ka daidaita shi da naka, ka liƙa shi a jikin sassaƙen da kayan aikin Shrinkwrap. Daga nan ka sa Multiresolution, wanda ke ƙara wa raga idanu hawa-hawa. Kowane hawa yana ninka idanun raga sau huɗu, amma hawan ƙasa yana nan bai ɓace ba, kuma wannan ne boksel ba zai taɓa ba ka ba. Ranar da ɗan kawun zai leƙo ya ce "haɓar Baba ba ta kai haka tsawo ba", sai ka sauka hawa na ɗaya, ka tura haɓa, ka hau, ka tarar da tamojin fuska da tsagar kunci duk sun bi ta lafiya. A hoton mutum irin wannan gyara ba ya ƙarewa, kowa a gida da abin da idonsa ya riƙe. Ka sani kuma, bayan ka tsallaka ba komawa: in ka sake narkar da fuskar, hawa-hawan sun tafi, shimfiɗar da za ka yi fenti a kai ma ta tafi.

Kayan da ke kan mutanenmu kuwa, a nan boksel ke sake amfani. Rawani, ninkin babbar riga a kafaɗa, gemu in dunƙule za ka yi shi, kitso in mace ce, duk ka yi su jiki daban da boksel, ka murɗa ka manna yadda kake so. Ka dubi naɗin dogarai da hakimai a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, za ka ga yadda ƙyalle ke hawa kan ƙyalle. Tsaga da aikin zaren hula su jira sai hawan sama na raga. In kuma niyyarka a buga shi da injin 3D, ka kwafi aikin a ƙarshe, ka haɗa kai da rawani da ido, ka narkar da kwafin da boksel sau ɗaya don ya zama rufaffe ba huji, sannan ka fitar da STL, irin fayil ɗin da ake kaiwa wajen bugawa. Asalin ka bar shi yadda yake.

Sai hotunan. Kyamarar waya mai faɗin gani ce, in ka matso kusa hanci ya kumbura kunnuwa su ɓuya, kai kuma ka kwafi wannan karkata ba ka sani ba. Tun da kawu na nan, ka nemi izininsa ka sake ɗauka: ka ja baya kamar mita 2 ko 3, a inuwa, waya daidai tsayin idonsa, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, biyu a karkace dama da hagu, ɗaya ba hula don ka ga siffar kai. Batun hukuncin sassaƙa siffar mai rai kuwa ka kai shi gaban malaminka, nan maganar aikin hannu muke yi.

In kana da 'yan kuɗin da ka tanada don manhaja, ka sayi allon zane mai alƙalami, ko ƙarami ne, don linzami ba ya jin nauyin hannu. Ka riƙa adana aiki da sabon suna kafin kowace narkarwa, saboda kuran na iya ɗaukewa a tsakiyarta. In ka kai matakin milimita 2, turo mana hoton gaba da na gefe, ba fenti ba gemu, mu duba ƙoƙon kan tare kafin ka tsallaka.