Tambaya da Amsa: Mun sabunta manhajar zane, aiki ya tsaya cak

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni injiniya ne a wani ƙaramin kamfani, muna ƙera kayan gyaran injin casar shinkafa da na matsar man gyaɗa, mu shida ne a ofishin zane. Wallahi takaici ne ya sa na rubuto. Wata biyu da suka wuce muka sabunta manhajar da muke zanen 3D da ita tare da rumbun da ke ajiye mana fayiloli, ba zan kama sunan kamfanin ba, dillalin da ya sayar mana ya ce ai kwana ɗaya an gama, sai da muka kwana tara ba mu fitar da zane ko ɗaya ba, masu walda suna zaune suna kallonmu. Yanzu ma injin da da nake buɗewa cikin minti ɗaya sai in je in yi alwala in dawo yana ta juyi. Mun kai ƙorafi sun ce an tura sama, har yau shiru. Mun so mu koma tsohuwar ta ƙi buɗe fayilolin. Oga kuma ni yake harara don ni na ce a sabunta. Shin haka abin yake ko mu ne aka raina? Daga ɗan'uwanka injiniya a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Injiniya, sannu da wannan wahala. Ba ku aka raina ba, masu zane a Jamus da Amurka ma irin kukan nan suke yi duk shekara, kawai dai su dillalinsu na kusa, kai kuwa naka ma sai ya jira wani ya amsa masa. Tunda ba ka kama suna ba zan yi misali da manyan da aka sani, tsarinsu kusan ɗaya ne.

Maganar komawa tsohuwar, a nan ne aka yi muku sakiyar da ba ruwa. Manhajojin 3D irin su SolidWorks na kamfanin Dassault na Faransa da Inventor na Autodesk duk shekara suke fitar da sabuwa, kuma da zarar ka adana fayil a sabuwar to ta bara ba ta san shi ba. SolidWorks tun 1995 take kasuwa amma sai a fitowar 2024 ta ba da damar adana zane ya koma baya, shi ma shekara biyu kacal. AutoCAD ita da sauƙi, kana iya adanawa a tsohon tsarin DWG, wato nau'in fayil ɗinta, shi ya sa masu zanen gini ba su cika wannan kukan ba. To idan manhajarku ba ta da irin wannan damar, kuma ba ku ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya ba kafin ku fara, hanyar komawa ta rufe, sai dai ku fitar da zanen a tsarin STEP, wanda siffar ƙarfen kawai zai ba ka, duk tarihin yadda ka huda nan ka yanke can ya tafi.

Shi kuma rumbun, mutane na ɗaukarsa kamar folda ce babba, alhali abu uku ne a ɗaure da juna: ma'ajiyar fayilolin kansu, da rumbun bayanai wanda yawanci a kan SQL Server yake, wato manhajar ajiye bayanai ta Microsoft, sai manhajar da ke kan kwamfutar kowannenku. Dole dukkansu su zama 'yan shekara ɗaya. Ka taɓa ɗaya, sauran sun tashi. Wani lokacin sabuwar ta ce sai sabon SQL, shi kuma ya ce sai sabon Windows a kan sabar, wato babbar kwamfutar da rumbun ke kanta, kafin ka ankara aikin kwana ɗaya ya zama na mako. Ga wutarmu kuma, in aka ɗauke ana tsakiyar juya rumbun bayanai ba inbata ba janareto, Allah dai ya kiyaye.

Nauyin buɗewar nan da kake fama da shi ina kyautata zaton na san dalili. Duk fayil ɗin da aka adana a tsohuwar, sabuwar sai ta fassara shi duk lokacin da ka buɗe, injin da ke da ƙusa da noti da bodi ɗari biyar fassara ɗari biyar ke nan, kullum. Akwai 'yar manhajar da ke zuwa da irin waɗannan rumbuna don juya fayiloli duka zuwa sabuwar shekara, ku sa ta tun daren Asabar ta kwana tana yi, amma don Allah bayan kun ɗauki kwafi. Sannan ku duba direban katin hoto, wato 'yar manhajar da ke sarrafa na'urar da ke fito da zane a allo, kamfanonin nan suna da jerin waɗanda suka gwada, wanda Windows ya sa da kansa sau da yawa ba ya ciki. Ku kuma hana antibairos leƙa foldar da rumbun ke sauke fayiloli a kwamfutarka, yana cin lokaci fiye da yadda kake zato. In duk an yi bai canza ba sai a nemo wanda ya iya SQL ya gyara jeren rumbun bayanan.

Yanzu batun an tura sama. Manyan kamfanonin nan yawanci ba su ke amsa maka kai tsaye ba, dillali ne, shi zai gwada, in ya gagara ya miƙa, in an yarda matsala ce a manhajar sai a ba ta lamba ta shiga layi, gyaran kuma sai facin da za a fitar nan gaba, wato ƙaramin sabuntawa na gyara kurakurai. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa taɓa fitowar farko, a SolidWorks ana kiranta SP0, suna jira sai faci na biyu ko na uku, wato SP2 ko SP3, wasu ma sai SP5 da ke zuwa kusan ƙarshen shekara. Ni a ganina wannan tsarin bai yi wa mai saye adalci ba, musamman tunda aka koma biyan haya, Autodesk tun 2016 ta daina sayar da lasisin dindindin, wato kana biya duk shekara da dala kuma kai ne ɗan gwaji. Amma fa ku ma da naku, Injiniya, kada ka ji haushi. Ba a gwajin sabuntawa a kan rumbun da ake cin abinci da shi. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa, ku zuba kwafin a kai, ku sabunta a can, ku buɗe injinku mafi nauyi ku ga yadda zai yi.

Dillalin kuma daina kiransa a waya, rubuta masa. Ka sa shekarar manhajar da lambar facin, ka ɗauki bidiyon allon yana juyi da agogo a gefe, ka tura fayil ɗaya da ke nuna matsalar, sannan ka nemi lambar ƙorafin da ya ce ya tura, in babu lamba to bai tura komai ba. Ka sa oga a kwafin saƙon. Ka kuma duba watan da kuɗin shekararku zai ƙare, saura wata biyu ka tambaye shi farashin wata manhajar, ko ka ce kuna gwada FreeCAD, manhajar zanen 3D ta kyauta da ta fitar da siga ta 1.0 a 2024, ba wai don za ta ɗauke muku duk aikin ba, za ka ga yadda wayarsa za ta fara shiga.

In kun juya fayilolin ka sake rubuto min minti nawa injin yake ɗauka yanzu, da girman RAM ɗin kwamfutarka, don ban cire ta daga zargi ba.