Hukuncin Wasan Kwaikwayo a Kan Bayin Gimbana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Jega. Mun shirya wasa da ɗalibai a kan harin da Sarkin Gobir Yunfa ya sa aka kai Gimbana. A ciki akwai wani dakare da muka ƙirƙira, wanda ya ƙi ɗaure kamammu duk da umarnin sarki. Wasu iyaye sun ce ƙarya ce da tonon asirin matattu. Mu ci gaba ko mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata.

Malamai sun yi saɓani a kan kwaikwayo. Masu hanawa suna ganin ƙarya ce. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halasci bisa sharuɗɗa, domin ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abin da ba haka ba don ya gaskata. Uban da ke zaune a filin makaranta kuwa ya san ɗansa ne ya naɗa rawani, bai ɗauka Yunfa ya taso daga kabari ba. Buga misali ne, kuma Alƙur'ani cike yake da misalai.

Labarin kansa tabbatacce ne. A ƙarshen 1803 aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usman ɗan Fodiyo, hari a Gimbana, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Sayar da ɗa, wato mutumin da ba bawa ba, ba ƙaramin laifi ba ne. A hadisin ƙudusi na Buhari, Allah ya ambaci mutum uku da zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗayansu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa.

Dakarenku kuma shari'a na bayansa. Buhari da Muslim sun ruwaito kwamandan da ya fusata ya umarci rundunarsa su faɗa wuta, suka ƙi, Annabi (SAW) ya ce biyayya a cikin abin kirki take. Da Usama ya kashe wanda ya yi kalmar shahada a fagen fama, bai samu uzuri ba, an tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa. Ba sai mun je nesa ba ma: Malam Abdullahi na Gwandu, a wajajen 1807, ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda kwaɗayin duniya da ya gani a tsakanin mutanensa, sai a Kano aka tsayar da shi. Sai dai ku sa dakaren ya kafa hujja da abin da ya sani na addini, kada yara su fahimci cewa duk abin da zuciya ta raya shi ne hukunci. Kuma ku sanar tun farko cewa shi ƙirƙirarre ne.

Inda na ba iyayen nan gaskiya shi ne batun matattu. Kada ku sa wa mutumin da ya rayu maganar da bai faɗa ba, ko da Yunfa ne. Zaluncinsa bai halatta yi masa ƙage ba. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, kada yaro ya fito a siffarsu, mai ba da labari ya wadatar. Na sha ganin yaron da ya fito a malami gemun auduga ya faɗi, fili ya ɗauki dariya. Haka nan kada wani ya furta kalmar kafirci ko ya yi tsafi da sunan wasa, kuma 'yan mata su fito cikin sutura, ba a taɓa su da sunan ɗauri.

Abin da ya fi damuna, ba ka ma tambaye shi ba. Sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewa. Jiya-jiya ke nan. Har yau akwai gidajen da ake raɗa a kansu idan maganar aure ta taso, ana cewa bacucane ne. To, wa za ka ba matsayin bawa? Idan ka ba yaron da ake yi wa gidansu wannan gori, ka ba 'yan ajinsu sunan da za su kira shi har ya yi furfura, kuma alhakin na wuyanka. Abu Zarri ya goranta wa mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai jahiliyya a tare da shi. Ka yi ƙuri'a, ko ka ba ɗan hakimi igiyar a wuya. Kada kuma a ambaci sunan wani gida ko zuri'a.

Haka batun ƙabila. A ajinka akwai Bagobiri da Bakabe da Bafillace. Kabawa da Sakkwato sun daɗe suna gaba, har ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934 ta zama abin tunawa. In wasan zai sa yaro ya koma gida yana jin kakansa ne mugun, a gyara rubutun.

Ku ci gaba, amma ka karanta wa iyayen rubutun tukuna, ka kuma nuna wa wani malami masanin tarihin jihadi. Wallahu a'alam.